Kurakuran da aka fi yi wajen kai fayil maɗaba'a daga wata kwamfuta zuwa wata

Duk wanda ya taɓa kai aiki wurin masu ɗab'i a Accra New Town, katin biki ne, ko kalandar makarantar Islamiyya, ko takardar sanarwar Maulidi, ya san cewa abin da ya tsara a kwamfutarsa a Nima ko Madina ba lallai ne shi zai bayyana a kwamfutar shago ba. Shafi ɗaya yakan koma biyu, hoto ya dusashe, sunan ango ya fito da ɗan akwati a maimakon harafin farko. Galibi ma'aikacin shago ake ɗora wa laifi, alhali tun daga gida aka taho da matsalar, domin mutane fayil ɗin da suke aiki a kansa suke kaiwa, ba wanda aka shirya domin bugawa ba.

Kowace manhajar tsara shafi tana da nata irin fayil: CorelDRAW, wadda yawancin shagunanmu suka dogara da ita, tana ajiye cdr, InDesign tana ajiye indd, Publisher kuma pub. Ba a yi ɗayansu domin wata manhaja ta buɗe shi ba, kuma ko manhaja ɗaya ce, tsohon bugunta (wato version) yakan kasa buɗe abin da sabon bugu ya ajiye. Saboda haka, kafin ka fito daga gida, ka kira shagon ka tambayi manhajar da suke da ita da kuma bugunta. CorelDRAW tana ba ka damar zaɓar tsohon bugu a lokacin ajiyewa. A InDesign kuwa, sai ka fitar da aikin a tsarin IDML, wanda ya zo tare da bugunta na CS4 a 2008, kuma Affinity Publisher ma tana buɗe shi. Wasu sukan goge ƙarshen sunan fayil su rubuta wani, su mayar da pub ya koma pdf, suna zaton sun juya shi ke nan. Suna kawai aka canja, abin da ke ciki yana nan yadda yake.

Inda abin ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne haruffa. Galibi fayil ɗin aiki ba ya ɗauke da salon haruffan (font) da ka yi rubutu da shi, sunansa kawai yake riƙewa, idan kuma kwamfutar shago ba ta da shi, sai ta maye gurbinsa da wani, wani lokaci ba tare da ta yi gargaɗi ba. Ga mai rubutun Turanci, asarar ba ta wuce layi ya goce ba. Ga mai rubutun Hausa kuwa, ɓ da ɗ da ƙ ne suke fara salwanta, kamar yadda ɛ da ɔ suke ɓace wa masu rubutun Twi, domin ba kowane salo ne aka zana masa waɗannan haruffa ba. Wani lokaci manhajar takan aro harafin daga wani salo, sai ka ga ƙ guda siririya a tsakiyar kalma mai kauri, kuma ba za ka lura ba sai an buga kwafi ɗari biyar.

Akwai wata matsala da ta girmi wannan. Kafin tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta musamman, ya yaɗu, an riƙa ƙirƙirar salon haruffan Hausa ta hanyar ɗora haruffa masu lanƙwasa a kan maɓallan baka, wato idan ka danna } sai ƙ ta fito, idan ka danna ] sai ɗ ta fito. A idon mai rubutu komai daidai ne, amma a cikin fayil baka ce a rubuce. Da zarar an buɗe shi a inda babu wannan salon, ko an kwafe shi zuwa Facebook, sai ka ga }asa da ]aya a maimakon ƙasa da ɗaya. Gyaran da ya dace shi ne a bi rubutun da umarnin nema da musanyawa, a mayar da kowace baka zuwa harafinta na Unicode, sannan a zaɓi salon da ke da haruffan gaba ɗaya, irin su Charis SIL, Andika ko Noto, waɗanda kyauta ne kuma suna aiki a Windows da Mac da Linux. A ganina, duk makaranta ko ƙungiyar da ke da tsofaffin rubuce-rubucen Hausa ya kamata ta yi wannan aikin tun yanzu, ba sai ranar da aka buƙaci sake bugawa ba.

Larabci ya fi buƙatar taka-tsantsan, tunda da wuya katin aure ko na sadakar arba'in ya fita a Zango babu Bismillah ko wata aya a samansa. Idan aka liƙa Larabci a manhajar da ba a saita ta domin rubutu daga dama zuwa hagu ba, haruffan sukan rarrabu, su kuma jeru a juye. A InDesign ana kunna World-Ready Composer kafin su haɗu. Ma'aikacin shago da bai karanta Larabci ba zai ga abin tamkar ado, ya buga shi haka. Kada a bar aya ta tafi inji sai wani malami ya duba ta a kan takarda, wasali bayan wasali.

Maganin yawancin waɗannan shi ne ka riƙe fayil biyu: na aiki, wanda zai zauna a wurinka, da PDF na bugawa, wanda aka cusa haruffan a cikinsa. Ka zaɓi PDF/X-1a ko PDF/X-4, gwargwadon abin da shagon ya nema, ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe domin yanka, ka kuma tabbatar takardar A4 ce, mai milimita 210 da 297, ba Letter ta Amurka da manhajoji da yawa ke farawa da ita ba. Idan dole ne ka ba da cdr, ka mayar da rubutun ya zama zane da Ctrl+Q, amma a kan kwafi, domin bayan haka ba a iya gyara ko harafi ɗaya.

Hotuna ma suna da nasu. InDesign ba ta haɗiye hoto, wurin da yake a kwamfutarka take nunawa, don haka sai an yi amfani da umarnin Package ya tattara komai a jaka ɗaya. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto kuwa an riga an matse shi. A tura shi a matsayin takarda (Document), kuma ya kai ɗigo 300 a inci a girman da za a buga shi. Shuɗi mai walƙiya da ka gani a allo launin RGB ne, wato launin hasken allo, inji kuwa da CMYK, wato tawada kala huɗu, yake bugawa, saboda haka ka juya launin da kanka ka ga yadda zai koma.

Batun filas gajere ne: kowanne da tsarin ajiyar da aka tsara shi da shi, irin su NTFS, APFS, FAT32 ko exFAT. Mac tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kansa, Windows ba ta gane APFS, FAT32 kuma ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabayit 4. A tsara filas da exFAT, a kuma guji alamomi irin su : da ? da * a sunan fayil.

Masu tsofaffin ayyuka su lura cewa Publisher a Windows kawai take aiki, kuma Microsoft ta sanya Oktoban 2026 a matsayin lokacin daina tallafa mata. PageMaker ta tsaya a bugu na 7 tun 2001, kuma Adobe ta daina karɓar tsohon tsarin salon haruffa na Type 1 a Janairun 2023. LibreOffice Draw tana buɗe pub da cdr, amma tsarin shafi yakan goce, sai an bi shi da gyara. Wanda har yanzu yake da kwamfutar da ke buɗe waɗannan fayiloli, ya fitar da PDF na kowanne, ya kuma kwafe rubutun zalla ya ajiye daban kafin kwamfutar ta mutu.