Yadda ake jinyar tsohon da ya daɗe a kwance ba tare da gyambo ya kama shi ba

A Gombe, tsohon da shanyewar ɓarin jiki ko karayar ƙugu ta kwantar, yawanci a ɗakinsa yake jinya, a hannun 'ya'ya da jikoki. Ko a gida ne ko a gidan kula da tsofaffi, babban abin da ke ɓata masa sauran kwanakinsa shi ne gyambon kwanciya, alhali ana iya hana shi.

Nauyin jiki ne ke kawo shi. Idan ƙashi ya danne fata a kan katifa, jini ba ya isa wurin, sai nama ya fara mutuwa ta ciki. Wuraren da ya fi kamawa su ne ƙashin gindi, kwatangwalo, diddige, idon sawu, gwiwar hannu, kafaɗa da ƙeya.

Maganin farko juyawa ce, duk bayan awa 2, dare da rana. Mutum ɗaya ba zai iya ba, don haka a raba dare, a rubuta sunaye da lokaci a manna a bango. Kada a kwantar da shi sosai a kan kwatangwalo. A ɗan karkata shi kawai, a tokare bayansa da matashi. A sa matashi ɗaya tsakanin gwiwoyi, wani ƙarƙashin sha-raɓa yadda diddige zai rataya bai taɓa katifa ba. Wajen gyara masa kwanciya, mutum biyu su kama zanin gado su ɗaga shi. Jan sa a kan shimfiɗa na saluɓe fata.

A duba fatar safe da yamma da haske mai kyau. A nan ake yawan kuskure: a baƙar fata ba a cika ganin ja ba. Abin nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu, ko ɗumi, ko tauri, ko sheƙi. In an gani, a daina kwantar da shi ta nan. Kada a murza wurin, kada a shafa man zafi ko toka, don murzawa na ƙara fasa naman da ya riga ya raunana. Idan ya buɗe, yana wari ko ruwa, ko zazzaɓi ya shigo, sai asibiti, ba jira.

Danshi abokin gyambo ne. Ledar da ake shimfiɗawa saboda fitsari tana tara gumi, musamman a zafin Maris da Afrilu, don haka a rufe ta da zanin auduga, a canza da zarar ya jiƙe. A wanke da ruwan ɗumi, a tsane da tawul a hankali, a shafa Vaseline kaɗan. Da hunturu man kaɗanya na hana fata tsagewa.

Fatar da ba ta samun abinci ba ta warkewa. A ba shi ƙwai, alale, kindirmo, kifi da kunun gyaɗa, da ruwa kamar lita ɗaya da rabi a yini, wato leda uku ta fiya wata, sai dai in likita ya rage saboda ciwon zuciya ko ƙoda. A zaunar da shi sosai kafin ci, ya kuma zauna minti 30 bayan ya gama, don kada ya ƙware abinci ya shiga huhu.

Sannan a tuna mutum ne mai girma, ba kaya ba. A ce, "Baba, zan juya ka," kafin a taɓa shi. A rufe masa al'aura, wanda ya yarda da shi ya yi masa wanka. A taimaka masa ya yi alwala ko taimama, a fuskantar da shi alƙibla, a bar masa rediyo kusa da hannun da ke motsi. Bayan La'asar a fito da shi inuwa ya gaisa da maƙwabta, amma zaman kujera ma kada ya wuce awa 2.