Yadda Ake Gane Giyar Inabin Turai Daga Takardar Jikin Kwalba

Wanda ya ɗauki kwalbar Chablis yana juya ta gaba da baya don neman sunan inabin da aka yi ta da shi, da wuya ya gan shi. Ba mantuwa aka yi ba. A Faransa da Italiya da Sifen sunan wuri ake rubutawa da manyan baƙaƙe, domin dokar wurin ce ta riga ta yanke irin inabin da za a shuka, da yawan abin da za a girba a kadada ɗaya, wani lokaci har da watannin da giyar za ta kwana kafin ta fita kasuwa. Chablis gari ne a arewacin yankin Bourgogne na Faransa, kuma daga inabin Chardonnay kaɗai ake yin farar giyarsa. Saboda haka aikin mai koyo shi ne ya san wane wuri ne ke da wane inabi.

Fara da ƙananan haruffan da ke kusa da sunan, waɗanda ke nuna giyar ta bi dokar wurinta. AOC ko AOP a Faransa, tsarin da aka kafa a 1935. DOC da DOCG a Italiya, DO da DOCa a Sifen. Ƙasa da su akwai IGP, inda yankin ya fi faɗi, doka ta fi sassauci, kuma a nan aka fi ganin sunan inabi a fili. Dokar Tarayyar Turai ta ce duk kwalbar da ta ambaci inabi ɗaya ko shekara ɗaya, to aƙalla kashi 85 cikin 100 na abin da ke ciki ya fito daga wannan inabin ko girbin wannan shekarar. Shekarar da aka buga ta girbi ce, ba ta ɗurawa a kwalba ba.

Bourgogne ta fi ko'ina sauƙi a kan inabi, ta kuma fi ko'ina wahala a kan ƙasa. Ja yawanci Pinot Noir ce, fara Chardonnay. Sai matakan daraja huɗu: na yanki gaba ɗaya, na ƙauye kamar Meursault ko Gevrey-Chambertin, sai Premier Cru na zaɓaɓɓun gonaki, sai Grand Cru, gonakin da suka fi kowa daraja, waɗanda 33 ne kacal. Gona ɗaya kan rabu tsakanin mutane da yawa saboda dokar gado ta zamanin Napoleon da ta wajabta raba dukiya tsakanin 'ya'ya. Clos de Vougeot kadada 50 ce ko kusa da haka, amma masu ita sun kai wajen 80. Kwalba biyu masu suna ɗaya da shekara ɗaya na iya bambanta kamar ba gona ɗaya suka fito ba, domin wani ya rage 'ya'yan itacen don sauran su nuna sosai, wani ya bar su duka don ya cika ganguna. A wannan yanki sunan mai yin giyar ya fi sunan gonar muhimmanci, kuma mai koyo da ya yi watsi da shi zai biya kuɗin suna ya sha abin da bai kai ba.

Yankin Bordeaux na Faransa gauraya nau'o'in inabi yake yi. A Médoc, gefen hagu na kogi, ƙasar tsakuwa ce mai riƙe zafi, shi ya sa Cabernet Sauvignon da ke jinkirin nuna ya fi yawa, giyar kuma takan zo da bauri mai kama harshe. A Saint-Émilion da Pomerol yumɓu ya fi yawa, Merlot ne kan gaba, giyar ta fi laushi. Jerin darajar da aka yi a 1855 bisa umarnin Napoleon na Uku ya sa gonakin Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion a sahun farko, Mouton Rothschild ya shiga cikinsu a 1973. Duba ko an rubuta "Mis en bouteille au château": ma'anarsa a gonar aka ɗura ta.

A Italiya akwai tarkon da ke kama mutane da yawa. A Montepulciano d'Abruzzo, kalmar Montepulciano sunan inabi ne da ake nomawa a yankin Abruzzo. A Vino Nobile di Montepulciano kuwa sunan gari ne a Toscana, kuma inabin Sangiovese ne tushen giyar. Chianti Classico, mai tambarin baƙin zakara a wuyan kwalba, dole ta ƙunshi aƙalla kashi 80 na Sangiovese. Giyar Barolo inabin Nebbiolo ce zalla, ba ta fita sai ta yi wata 38, 18 daga ciki a gangar katako. Kada launinta mai haske ya ruɗe ka, baurinta ya fi na giyoyi da yawa da suka fi ta duhu.

Rioja ta Sifen, wadda inabin Tempranillo ne ƙashin bayanta, da tsawon kwana take magana. Ga ja, Crianza shekara 2 ce, ɗaya a ganga. Reserva shekara 3, Gran Reserva shekara 5, aƙalla 2 a ganga.

Kalmomin zaƙi su ma suna ɓatar da mutum. A Champagne, Brut na nufin sukari bai kai giram 12 a lita ba, amma Extra Dry tana tsakanin 12 da 17, wato ta fi Brut zaƙi duk da sunanta. A Jamus, Kabinett da Spätlese da Auslese suna faɗin yadda inabin ya nuna lokacin girbi ne. In kana son marar zaƙi, nemi kalmar "trocken". Giyar inabin Riesling ta yankin Mosel mai ƙarfin barasa kashi 8 kacal kusan kullum akwai sauran sukari a cikinta, domin ba duka ne ya koma barasa ba.

Takarda ba ta faɗin abin da ya sami kwalba bayan ta bar gona. Idan toshin ya turo sama ko an ga busasshen ɗigo a wuya, zafi ya dafa ta. Idan aka buɗe aka ji warin jiƙaƙƙen kwali, wani sinadari mai suna TCA ne daga toshin, kuma barin ta ta sha iska ba zai gyara ta ba. Farar giyar da ba ta daɗe ba amma ta koma ruwan ƙasa, iska ce ta shige ta. A ajiye kwalba a kwance don toshin kada ya bushe, a wuri mai duhu, a sanyin digiri 12 zuwa 14 wanda ba ya hawa da sauka.