Yadda Ake Barin Shafin Imel Na Burauza A Koma Manhajar Karanta Saƙonni

Yawancin masu amfani da Gmail ko Yahoo ko Outlook a kwamfuta, a burauza suke buɗe saƙonninsu. Wannan hanya tana da sauƙi, amma duk wanda aikinsa ya dogara da imel ya san wahalarta: shafin yana da nauyi, yana ɗaukar lokaci kafin ya buɗe idan intanet ta yi rauni, tallace-tallace suna shiga tsakanin saƙonni, kuma kamfanin yana iya sauya wurin maɓallai a duk lokacin da ya ga dama ba tare da ya tuntuɓi kowa ba. A da, mai raunin intanet yana iya komawa sassauƙan shafin Gmail wanda ba shi da ado, amma Google ya rufe shi a farkon 2024.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, saƙonninka ba a cikin wannan shafi suke ba. Suna ajiye ne a manyan kwamfutocin kamfanin, shafin burauza kuwa ƙofa ce ɗaya daga cikin ƙofofin da ake bi a isa gare su. Saboda haka ba sai ka sauya adireshinka ba, ba kuma sai ka sanar da kowa komai ba. Manhajar imel za ka saka a kwamfutarka ko wayarka, ta riƙa ɗauko maka saƙonnin tana ajiyewa, ka karanta ka kuma rubuta amsa ko da babu intanet, idan intanet ta dawo sai ka tura.

Ga mai kwamfuta, Thunderbird ita ce zan fara ba da shawara a gwada. Daga gidauniyar Mozilla ta fito, wadda ke yin burauzar Firefox, sigarta ta farko cikakkiya ta fita a watan Disamba na 2004, kyauta ce, ba ta nuna talla, kuma tana aiki a Windows da macOS da Linux. Wanda ke da kwamfutar Apple yana da Mail a cikinta tun daga kamfani, kuma ta isa ga yawancin buƙatu. Masu Windows da suka saba da tsohuwar manhajar Mail su sani Microsoft ya daina kula da ita a ƙarshen Disamba 2024, ya tura mutane zuwa sabuwar Outlook, wadda ke nuna talla ga wanda bai biya kuɗi ba, don haka wanda talla ya kora daga burauza ba zai samu sauƙi a can ba. Idan kwamfutar tsohuwa ce mai ƙarancin ƙarfi, Claws Mail ba ta da nauyi ko kaɗan, sai dai fuskarta ta tsohon yayi ce kuma saita ta yana buƙatar haƙuri. A wayar Android akwai FairEmail, akwai kuma K-9 Mail wadda ta haɗe da aikin Thunderbird a 2022, daga nan aka fitar da Thunderbird ta Android a watan Oktoba na 2024.

Wajen saitawa, tambaya mafi muhimmanci da manhajar za ta yi maka ita ce IMAP kake so ko POP3. Ka zaɓi IMAP. Da IMAP, saƙonni suna zama a wurin kamfanin, abin da ke kwamfutarka kwafi ne, kuma duk abin da ka yi a wuri ɗaya zai bayyana a sauran wuraren: saƙon da ka karanta a waya zai nuna an karanta a kwamfuta, wanda ka goge a kwamfuta zai ɓace a waya. POP3 tsohon tsari ne da aka yi wa mai na'ura ɗaya. Yana sauke saƙonni zuwa kwamfutar, kuma idan ba a saita shi da kyau ba yana iya goge su daga wurin kamfanin, ta yadda ranar da kwamfutar ta lalace ko aka sace ta, saƙonnin shekaru sun tafi tare da ita.

Thunderbird takan gano sauran saitin da kanta da zarar ka rubuta sunanka da adireshinka. Idan ba ta gano ba, na Gmail su ne imap.gmail.com da lamba 993 don karɓar saƙo, sai smtp.gmail.com da lamba 465 ko 587 don aikawa. Na Yahoo kuwa imap.mail.yahoo.com da smtp.mail.yahoo.com ne, lambobin iri ɗaya. Wanda ke amfani da imel ɗin ofis ko na jami'a, wanda sau da yawa ake buɗe shi ta shafin Roundcube, sai ya nemi waɗannan adireshi da lambobi daga sashen kula da kwamfuta na wurin aikinsa.

A wurin kalmar sirri ne mutane da dama suke makalewa har su yi zaton manhajar ce ba ta aiki. Tun 30 ga Mayu 2022 Google ya daina barin manhajojin waje su shiga asusun mutum da kalmar sirri kawai, Microsoft ma ya yi haka ga Outlook.com a watan Satumba na 2024. Yanzu abin da ke faruwa shi ne, wata ƙaramar taga za ta buɗe da shafin shiga na Google ko Microsoft, ka rubuta kalmar sirrinka a can, ka amince manhajar ta ga saƙonninka. Wannan tsari ana kiransa OAuth2, kuma idan shiga ya ƙi, ka duba saitin tantancewa ka tabbata shi aka zaɓa. Manhajar da ba ta san wannan tsari ba tana buƙatar kalmar sirri ta musamman mai haruffa 16, wadda ake ƙirƙira a cikin asusun Google bayan an kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato tsarin da ke neman ƙarin shaida, kamar lambar da ake turowa waya, bayan kalmar sirri. Masu imel ɗin kamfanin Proton Mail kuma ba za su iya haɗa asusunsu da Thunderbird kai tsaye ba, sai ta wata ƙaramar manhaja mai suna Bridge, wadda sai mai biyan kuɗi ake ba wa.

Akwai mataki ɗaya da bai kamata mai sayen data da kuɗinsa ya tsallake ba. Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, kuma mutumin da ya shekara goma yana karɓar hotuna da takardu zai iya cika kaso mai yawa na wannan wuri. Thunderbird, idan aka bar ta yadda ta zo, za ta fara sauke komai tun daga saƙon farko, sai mutum ya wayi gari datar wata guda ta ƙare a yini ɗaya. Saboda haka da zarar ka gama haɗa asusun, ka shiga "Account Settings", ka buɗe "Synchronization & Storage", ka zaɓi a sauke saƙonnin kwana 30 ko 90 na baya-bayan nan kawai, sannan ka sa iyakar girman saƙon da za a sauke ba tare da ka nema ba. Tsofaffin saƙonni za su ci gaba da bayyana a jere, kuma duk wanda ka danna za a ɗauko shi a lokacin. Masu Gmail su lura da babban fayil mai suna "All Mail", wanda ke ɗauke da kusan kowane saƙo da ke asusun. A wasu manhajoji yakan sa a sauke saƙo ɗaya sau biyu, don haka gara a cire shi daga jerin waɗanda ake saukewa.

Za ka kuma lura cewa hotunan cikin wasu saƙonni ba sa buɗewa sai ka ba da izini. Da gangan aka yi haka, domin masu tura talla sukan ɓoye ɗan ƙaramin hoto a saƙo wanda ke sanar da su lokacin da aka buɗe shi. Ka bar wannan saiti yadda yake, ka riƙa ba da izini ga waɗanda ka sani kawai.

Kada ka yi watsi da shafin burauza gaba ɗaya. Sauya kalmar sirri, da saita tura saƙo zuwa wani adireshi, da amsar da ke fita da kanta lokacin hutu, duk a can ake yin su. Haka nan ƙa'idojin tace saƙonni gara a yi su a can, domin waɗanda aka yi a cikin manhaja ba sa aiki sai kwamfutar tana kunne. Idan kuma kwamfutar ta ofis ce da mutane da yawa ke amfani da ita, ko ta shagon intanet, kada ka saka asusunka a manhajar imel ko kaɗan, tunda kwafin saƙonninka zai zauna a cikinta bayan ka tashi.