Idan tsohon lauya ya rasu a gidanku, ga inda za ku fara

Jana'iza da zaman makoki na kwana uku kowa ya san yadda ake yi, ya haƙuri, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, wannan ba sai na koya wa kowa ba. Inda mutuwar lauya ta bambanta da ta sauran mutane shi ne yana tafiya ya bar amanar jama'a a ofis ko a ɗakinsa, ko da kuwa ya yi shekara goma da ajiye aiki.

To tun ranar farko a kulle ɗakin takardunsa, makulli a hannun mutum ɗaya da kowa ya yarda da shi. Dan Allah kada yara su shiga da sunan shara, fayil ɗin da ka ga ya yi ƙura gara ta fara cin gefensa wataƙila takardar gidan wasu marayu ce a ciki, ko wasiyyar mutumin da har yanzu yana raye, ko yarjejeniyar cinikin gona da babu wani kwafi sai shi. Bayan sadakar uku sai ku nemo tsohon akawunsa ko wani lauya da ya taɓa aiki a ƙarƙashinsa, su ne suka san wane fayil na waye, a zauna a rubuta sunaye a littafi, a kira masu su ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya karɓi nasa ya sa hannu. Ku iyali ba sai kun karanta abin da ke ciki ba, sirrin mutane ne. Idan kuma aka ga alamar akwai kuɗin wani a hannunsa to wannan ba ya cikin gado sam, a fitar da shi tare da bashi kafin a zo maganar wasiyya, wadda ita ma ba ta wuce sulusi.

Sai ku sanar da reshen ƙungiyar lauyoyi ta Najeriya, wato NBA, na garinku a rubuce. A al'adarsu ta lauyoyi kotu kan yi zama na musamman don ban kwana da abokin aikin da ya rasu, kuma tunda mu ba ma jinkirta binnewa, yawanci daga baya ake yi. Ku je, har da jikoki, a nan za ku ji abubuwan da bai taɓa faɗa muku ba.

Littattafansa fa? Kundin hukunce-hukunce irin su NWLR da lauya Gani Fawehinmi ya fara fitarwa a 1985 tsada gare su, ƙaramin lauya ba ya iya haɗa su. Amma gado ne, sai magada sun yarda, in sun yarda a kai tsangayar shari'a ta ABU a Kongo ko ta BUK ko makarantar lauyoyi ta Bagauda, a tambaye su tukun ko suna buƙata, kada a je a jibge musu kwali-kwali. Ni a ganina ya fi a bar su a sito ɓera na wasa a kai. Baƙar rigar shiga kotu da hular gashin kuwa a ajiye wa wanda ya karanci lauya a zuri'a.

In za ku rubuta wani abu a Facebook, ku rage "gwarzo", "babban bango ya faɗi", an ji su har an gaji. Ku sa shekarar da ya zama lauya, inda ya yi karatu, kotunan da ya yi aiki, ku duba satifiket ɗinsa kada ku yi kintace, kuma in ba SAN ba ne, wato muƙamin girmamawa da ake bai wa manyan lauyoyi, kada ku ɗora masa, abokan aikinsa za su gani. Labari ɗaya na gaskiya ya isa, misali yadda ya kan zaunar da 'yan'uwa masu rigimar gado a zaure ya sasanta su ba tare da an je kotu ba, amma ban da sunan waɗanda ya tsaya wa, sai in su da kansu suka zo suka faɗa.