Yadda Ake Tallata Ƙaramar Sana'a da Allo da Rubutun Jikin Abin Hawa

Wanda ke wucewa a hanya ba zai tsaya karanta tarihin shagonka ba. Kallo ɗaya zai yi, mota ta gifta. Don haka kafin ka je wajen mai zane, zauna ka rage magana.

Da farko, rubuta abu uku a takarda: abin da kake yi, inda kake, da lambar waya. Sana'ar ta fi sunan shago girma, domin "Gyaran Firji da Fanka" ya fi "Wane da 'Ya'yansa" kawo ciniki. Adireshi kuwa a yi shi yadda muke kwatance: daura da masallacin Juma'a, bayan gidan mai. Lamba ɗaya ta isa, wadda kake ɗauka, a raba alƙalumanta 11 gida uku, 4, 3, 4. Masu jera lamba uku a allo ɗaya ban san wa suke so ya haddace ba. Idan akwai masu karatun ajami da yawa a unguwarku, layi ɗaya na ajami ba asara ba ne.

Sai girman rubutu da launi. Masu rubuta allo suna ƙiyasta inci 1 na tsayin harafi ga kowace ƙafa 10 ta nisa, wato mai kallo daga ƙafa 40 yana buƙatar harafi mai inci 4. Baƙi kan rawaya ko fari kan shuɗi mai duhu sun fi fita. Ja yana da kyau ranar farko, amma shi rana ta fi saurin koɗarwa. Kafin a buga, karanta da kanka harafi harafi, musamman ƙ, ɗ da ɓ da ke yawan salwanta a kwamfuta.

Allon ƙofar shago, in da hali, a yi na ƙarfe da fenti. Fileks, wato ledar da ake buga rubutu a kanta, ya fi araha, sai dai iskar farkon damina kan yage shi idan ba a ɗaure shi kan firam ba. A kafa shi yana fuskantar masu tahowa, ba manne da bango kawai ba. Ka kuma tambayi kuɗin da hukuma ke karɓa kan allo tun kafin a kafa. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya sa tallan waje cikin ayyukan ƙaramar hukuma, wasu jihohin kuma suna da tasu hukumar.

Yanzu abin hawa, wato liƙa sitikar talla a jikinsa. A gari irin Kano, bayan adaidaita sahu ya fi gefensa daraja, don na baya yana kallonsa tsawon cunkoso. Ka zaɓi wanda ke zirga-zirga a hanyar unguwarku. Mai sayar da waina a Kurna ba ya ƙaruwa da tallan da ke yini a Hotoro. Yarjejeniya kuma da mai babur za a yi, ba da direba kaɗai ba, saboda da yawa balas suke kaiwa, gobe sai ka ga an sauya hannu. A biya wata-wata, bayan ka ga sitikar tana nan.

Wajen liƙawa, a wanke wurin da omo, a bari ya bushe sarai, ba maiƙo ba ƙura. Da safe ko da yamma ake yi, ba lokacin da ƙarfe ya ɗau zafi ba. A fara daga gefe ɗaya ana shafewa da tsohon katin ATM, inda iska ta shiga a huda da allura. Kada a rufe lambar rajista, ko lambar KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, ko gilashin da direba ke gani ta ciki. Aya ko sunan Allah kuma a nisanta su da inda taɓo ke fantsama.

Bayan wata guda, duk baƙon da ya kira ka tambaye shi ina ya ga lambar. Babur ɗin da ba wanda ya ambata, a ɓare sitikarsa a kai wata hanyar.