Yadda Ake Gane Yankin Jumla a Turanci

Ɗalibanmu na Nima da Maamobi a Accra masu shirin WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, a nan maki ke yawan zubewa: a ja layi ƙarƙashin wasu kalmomi, a ce faɗi sunansu a nahawu da aikinsu.

Fara da neman aikatau mai nuna lokaci tare da mai aikin. In ka same su, ganga ce, wato "clause". In babu, yankin jumla ne, wato "phrase", sai ka nemo kansa, wato babbar kalmar da sauran ke bayyanawa.

Dubi "The old trotro from Circle stopped near the mosque." (Trotro motar haya ce, Circle kuwa wuri ne a Accra.) Cire "the old trotro from Circle" ka sa "it". Jumlar ta zauna daram? To yankin suna ne, kansa "trotro", kuma shi ne mai aikata "stopped".

Wanda "near", "from" ko "in" ke buɗewa shi ya fi ruɗa yara, domin sigarsa ɗaya amma aikinsa biyu. "Near the mosque" na amsa "a ina?", yana bayanin aikatau. "From Circle" kuwa na amsa "wace mota?", aikin sifa ke nan. Don Allah kada ka tsaya a "yana bayani" kawai, rubuta ainihin kalmar da yake bayyanawa.