Yadda zaka ajiye wake har damina ba tare da ka zuba masa guba ba

Jama'a abin nan yana damuna wallahi. Kaka na yi sai mu kwashi wake mu kai Gujungu ko Dawanau mu sayar da araha saboda tsoron ƙwari, damina na kankama kuma mu dawo muna sayen kwano da tsada, yara suna ta cin tuwo da miyar kuka zalla har tamowa ta kama su, alhali wake shine naman talaka. Masu ajiyewa kuma wasu Sniper suke yayyafa masa, guba ce fa, akan irin maganin nan Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya tun 2015.

To ga hanya mai sauƙi, buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje. Ƙwaron nan tun daga gona yake biyo waken, shi yasa zaka ga ka zuba wake lafiya lau bayan wata biyu duk ya huje ya zama gari. Buhun yana hana iska shiga, in ta daina shiga sai ƙwaron ya shanye wadda ta rage ya mutu da kanshi.

Amma fa sai waken ya bushe sosai, anan mutane suke yin asara. Ka shanya shi akan tamfol, ka gwada da haƙori, in ya fashe ƙas to yayi. Ko ka zuba ɗan wake da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba ka girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar da sauran danshi, maida shi rana. A sheƙe a tsince, a barshi ya huce a inuwa, kar a zuba da zafinsa.

Kafin ka zuba ka hura ledojin ka matse kaji ko suna yoyo, ko hujin allura ne ya ɓata aikin. In ka cika ka danne iskar ta fita, ka murɗe bakin ledar ciki ka ɗaure tamau, sannan ta biyu daban, sannan buhun. A ɗora akan katako nesa da bango saboda ɓera.

Kar uwargida ta riƙa buɗewa kullum don Allah. Na girki a ware shi a jarka mai murfi mai kyau, a cika ta har baki, banda wadda aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi a ciki.